Shanun Bakin Nomau

Har gobe idan na ji wani ya ce ɗan kokowa banza yake ci, sai in ji kamar in cafke shi in nuna masa ƙasa, duk da tsufan nan nawa. Ni na yi kokowa tun daga Sakkwato har Badun, na kayar da maza a garin da ko gaisuwarsu ban iya ba, kuma babu inda na ci kwabo ban biya masa haraji ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har wanda ban ci ba sai da na biya.

Sunana Abdu, mutumin Tajaye ta ƙasar Nijar, a fage Kututture ake ce mini. Na fita ne shekarar da Najeriya ta bar fam ta koma naira, shekarar da damina ta yi mana rowa, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Dabbobin garinmu suka ƙare sai ɗaiɗai. A gidanmu abin da ya rage jar saniyar Inna ce, wadda ta gada wurin ubanta. Da 'ya'yan gawo ta riƙe ta, da dusar da ya kamata mu dama mu sha, har bunun rufin rumbu ta zare ta ba ta. Ga lanho kuma yana tafe, kuɗin kai da gwamnati ke karɓa kowace shekara, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Babanmu ya rasu, ni ne ɗan fari. Magana a fili take, ko in samo kuɗin lanho, ko a ja saniyar Inna kasuwa. Shi ya sa na ɗaure walkina da layuna na bi Nomau.

Nomau maroƙi ne, siriri, mai murya kamar an fasa tulu. Ɗan kokowa ba ya tafiya ba maroƙi, don shi ke yi maka kirari, shi kuma ke karɓar ƙari. Idan ka yi kaye, wanda abin ya burge ba ya miƙo maka kyauta a hannu. Maroƙi yake ba, maroƙi ya ɗaga ta sama ya faɗa wa duniya wane ya ba wane kaza. To a al'adarmu maroƙi ba ya faɗin abin da aka ba shi. In ka ba da dala ya ce jika, in ka ba da akuya ya ce bijimi, in ka ce Allah ya yi albarka kawai, ya ce ka yi alkawarin doki. Girmama mai bayarwa ake yi. Kowa a ƙasarmu ya san haka, ko yaron goye ya san alkawarin fage a fage yake kwana. Ban taɓa tsammanin akwai wanda zai ɗauki bakin maroƙi ya auna shi a mudu ba.

A Sakkwato abin bai yi tsanani ba. Fagen a buɗe yake, bakin kasuwa, bayan la'asar. Na kayar da mutum biyu, ƙari ya zubo. Sarkin wasa ya ɗauki nasa, makaɗa suka ɗauki nasu, Nomau ya ɗauki nasa. Ina ƙulle ragowar sai ga wani mai kaki ya dafa ni, ya ce ai ni ɗan Faransa ne, haka suke kiranmu a can, kuma baƙon da ya ci kuɗi a ƙasarsu sai ya ba hukuma kasonta. Na buɗe hannu ya zaɓa. Ya ba ni wata 'yar takarda ya ce in adana, duk inda na je in nuna. Na soke ta cikin hula, ina murna na biya na huta.

Gusau ce ta fara koya mini karatu. Can fagen kewaye yake da zana, ana biya a ƙofa, kuma gefen makaɗa akwai wani malamin haraji zaune a kan tebur da alƙalami. Na nuna masa takardar Sakkwato, ya ce wannan ta abin da na ci a Sakkwato ce, nan kuma Gusau. Aka haɗa ni da wani ƙaton Bazamfare wanda aka ce ya shekara uku gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Mun daɗe muna juyi, har na ji numfashina yana ɗaci, kafin Allah ya ba ni ƙafarsa ta hagu. Da ya faɗi, wurin ya kaure. Wani Alhaji mai awon gyaɗa ya miƙa wa Nomau naira ɗaya. Nomau ya daka tsalle ya ce Alhaji ya ba Kututture naira goma da bijimi. Wani ya ba da sulalla, Nomau ya ce babbar riga. Ni ina tsakiyar fage ina huci, kaina ya kumbura, ban lura ba duk abin da Nomau ya faɗa malamin nan yana duƙawa ya rubuta.

Da aka tashi malamin ya kira ni, ya karanto mini dukiyata. Wallahi ban san na yi arziki haka ba sai a bakinsa. Ya ce kason hukuma kaza ne, bijimin ma an yi masa kuɗi. Na zazzage abin da ke hannuna a kan tebur, na ce ranka ya daɗe, ga iyakar abin da aka ba ni, sauran bakin maroƙi ne. Bai ko ɗago ba. Ya ce shi abin da aka shelanta gaban jama'a ya rubuta, amma in na ce Alhaji bai ba da ba, in je in zo da shi ya faɗa da bakinsa.

Na juya zan tafi, mai masaukinmu ya riƙe mini hannu. Dattijo ne mahauci, ɗan Malbaza, ya daɗe a Gusau. Ya ja ni gefe ya ce in rufa wa kaina asiri. In na tsayar da Alhaji gaban mutane na ce naira ɗaya ya ba ni, na kira shi marowaci ke nan, na kira shi maƙaryaci, kuma daga ranar babu mai sake miƙa mini ko goro a ƙasar Zamfara. Na koma na biya. Abin da ya rage mini a ranar da na kayar da gwanin Gusau bai wuce kuɗin tuwo ba. Mahaucin nan ne ya aiko mana da kai da ƙafa, Allah ya jiƙansa, bai karɓi komai ba.

Na kama Nomau da faɗa, na ce ya rage baki ko in rage masa. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "Kututture, kai ƙarfi gare ka, ni kau na san mutane. Mutum na ba da sule don a ce fam. In na hwaɗi gaskiya, wa za shi ba ka?"

Na ce a gwada. A Funtuwa muka gwada. Mutum na farko ya ba da sule biyu, Nomau ya ɗaga ya ce wane ya ba da sule biyu. Aka yi dariya, mutumin ya sunne kai ya fice. Bayansa babu wanda ya sake sa hannu a aljihu. Na yi kaye uku ranar, muka kwana da yunwa. Daga nan ban sake hana shi ba. In ya yi ƙarya malamin haraji ya cinye ni, in ya faɗi gaskiya yunwa ta cinye ni, kuma shi ko ta halin ƙaƙa yana samun nasa, don masu bayarwa suna soka masa wani abu a ɓoye saboda ya ƙara musu.

Aka ce mana kuɗi yana Kudu, muka hau motar shanu zuwa Badun. A Sabo muka sauka, unguwar Hausawa. Can ranar Lahadi ake wasa, wasu 'yan kasuwa suka shirya shi, su ke yanka wa ɗan kokowa lada, kuma tun kafin ladan ya iso hannunka an cire na hukuma. Na ce ai na biya a Arewa, na ciro takardun Sakkwato da na Gusau daga hula, duk gumi ya cinye su. Suka ce waccan jiha daban, wannan jiha daban. Na ce ba ƙasa ɗaya ba ce? Suka ce ƙasa ɗaya ce, aljihu ne ba ɗaya ba.

A wasa na huɗu kafaɗata ta goce. Na kayar da mutumin, amma a kan hannuna muka faɗi. Nomau ya yi jinyata kwana biyu da kirari, a na uku ya ce yana jin kiran gida, ya shiga motar goro ya bar ni. Ban ga laifinsa sosai ba a lokacin. Maroƙi ba ya zama inda babu ƙari.

Ina cikin wannan hali wata safiya na fita neman mai ɗori, sai na tarar an gitta igiya a titi, ana tare maza ana tambayar takardar harajin kai. Na nuna nawa na kokowa, suka ce wannan na abin da na ci ne, yanzu na kaina ake tambaya. Na ce kaina a Nijar aka rubuta shi, can nake biya masa. Suka ce to me ya kawo shi nan? Aka tura mu wani fili aka zaunar da mu a rana, ni da hannu a rataye. Kai, ranar na yi kewar gida. Ba abin da nake gani sai Inna zaune gindin turke tana tatsa, lokacin da duniya ke kwance, tana dama mini fura ba ta ko kallona. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zuwa kallon wasana ba, in an yabe ni a gabanta tashi take ta bar wurin. Amma ƙwaryata kullum ta fi ta kowa nono.

Wata Bayarabiya mai sayar da abinci a bakin filin ce ta ji tausayina. Ba na jin maganarta, ba ta jin tawa. Ta miƙo mini ruwa ta cikin wayar shingen filin, ta nuna kafaɗata ta girgiza kai. Bayan 'yan Sabo sun zo sun fanshe ni da sauran kuɗina, kullum na bi ta wurinta sai ta zuba mini abinci ta ƙi karɓar kuɗi, ta ba ni man kaɗe in shafa. Ban san sunanta ba har yau. A duk ƙasar nan ita kaɗai ce ta dube ni ba ta ga abin cirewa ba.

Da hannu ya yi sauƙi ban koma fage ba. Dako na shiga a kasuwar goro, ni Kututture, ina ɗaukar huhu a ka ana ce mini kai zo nan. Abin mamaki, a dako ne na tara, don ba wanda ke shelar ladan ɗan dako. Da na ga kuɗin sun kai lanhon gidanmu, na canja su zuwa namu, na farke guruna na kokowa, wato ɗamarar layuna, na ɗinke su a ciki. Na saya wa Inna zane ɗaya da rabin buhun garin rogo, na kamo hanya.

A iyakar Ƙwanni na fara jin wari. Ina saukowa daga mota wani ɗan duwan, wato kwastan ɗinmu, ya dube ni ya washe baki ya ce, a'a, Kututture na Tajaye, mai shanu bakwai! Ashe tun da Nomau ya dawo yake yawo kasuwa-kasuwa, Ƙwanni, Malbaza, Illela, gidan biki da gidan suna, da ni yake cin abinci. Ya haɗa duk ƙaryar fagen da ya yi a Najeriya ya mayar da ita waƙa guda. Wai na kayar da Zamfara an ba ni bijimi, na kayar da Kudu an ba ni shida, ga doki, ga rediyo. 'Yan duwan suka tambaye ni ta wane daji na kora shanun. Na rantse babu su, suka yi dariya. Suka ce tunda na ɓoye manya, ƙanana za su biya musu. Suka sauke garin rogon, suka bar mini zanen don na ce na uwata ne. Gurun kuwa ba wanda ya taɓa, don ko ɗan duwan yana tsoron layar ɗan kokowa. Na shiga motar siminti ina ce wa raina ba komai, lanho yana ƙuguna, saniya ta tsira.

Na iske Tajaye rabi kango. Mutane da yawa sun gudu Kudu, waɗanda suka rage ido ya zurma. Amma da aka ce na iso, mata suka yi guɗa, yara suka biyo ni suna rera waƙar Nomau. Dangi suka yi ta zuwa gaisuwa suna leƙen bayan gida. Jar saniya tana nan a turkenta, ƙashi da fata, amma a tsaye, har ta ɗauki ciki. Na ajiye wa Inna zane, ta ce an gode, tana kallon wani wuri. Ban gaya wa kowa gaskiya ba, ban kuma yi wa kowa ƙarya ba. Na ce bari in biya lanho tukuna, magana ta kwanta da kanta.

Ranar karɓa aka taru a ƙofar maigari da hantsi. Malamin lanho ya zo daga buro, ofishin hukuma, da gardi biyu, dogaran gwamnati. Da aka kira gidanmu na farke guru gaban kowa na zube kuɗin, cif. Na miƙe zan tafi, malamin ya ce in dakata, saura jangali, kuɗin da ake biya wa kowane kan dabba. Na ce saniya ɗaya ce, kuma nata yana ciki. Ya ce ita da shanu bakwai da doki.

Na ce ina suke? Ya ce ni zan faɗa, ƙila suna wurin Fulani a hayin iyaka, kamar yadda masu wayo ke yi. Na ce ko da akwai su, ai a Najeriya na ci, kuma a Najeriya na biya, gari-gari. Na ciro takardun nan na hula. Ya juya su, ya ce wannan Turancin Ingila ne, bai shafe shi ba. Abin da na ba su can tsakanina da su ne, amma ni ɗan ƙasar nan ne, duk inda na ci, nan zan zo in yi gyatsa.

Na dubi maigari. Shi fa tsohon ɗan kokowa ne, ya fi ni sanin bakin maroƙi. Ya kawar da kai. Daga baya na gane, kuɗin da aka yanka wa garin ba a rage ba, ga masu biya sun watse, in bai cika ba rawaninsa ne a ƙasa. Ba wai sun yarda da waƙar ba ne. Bukatarta suke yi. Da ya ga na kafe, sai ya yi gyaran murya ya ce abu mai sauƙi ne. In tashi gaban jama'a in rantse duk abin da Nomau ya rera ƙarya ne, ban ci komai ba, hannu biyu na dawo, dako na yi. In na faɗi haka, za a shafe.

Ya san abin da ya ɗora mini. Waƙar guda ce, ba a tsinke ta. In shanun ƙarya ne, kayen ma ƙarya ne, Bazamfaren da na kayar da kafaɗar da na bari a Badun duk sun zama tatsuniya. Ɗan kokowar da ya ƙaryata kirarinsa da bakinsa ya gama, ko yaro ba zai sake kama shi ba. Na dubi mutane, duk sun zuba mini ido. Na ce a raina, kirari ba ya ba da nono. Don saniyar nan na fita, kuma ba zan bari a ja ta ba. Na miƙe, na gyara tsayuwa, na buɗe baki.

Sai na ga mutane suna darewa. Inna ce, wadda ba ta taɓa taka ƙofar maigari ba, lulluɓe da sabon zanen, igiya a hannunta, jar saniya tana biye da ita. Ba ta dube ni ba. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ajiye igiyar gaban gardi.

"Ga ta, ku kai. Yaron ga ba ya tsayawa gaban maza shi ce shi ba kowa ba na, ina da rai."

Na ce Inna, don Allah. Ta ɗaga mini hannu kamar yadda take yi tun ina ƙarami, na koma na zauna. Maigari ya sunkuyar da kai. Gardi ya ɗauki igiya. Ranar kasuwa aka sayar da ita da cikinta, a farashin fari, kuɗin ma aka ce bai cika ba amma an yafe mini sauran. Har godiya aka sa na yi.

Da muka koma gida na kasa haƙuri. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce wata nawa na yi ina shan wuya saboda dabbar nan, na yi dako, an zaunar da ni a rana kamar ɓarawo, ta ɗauka ta ba da saboda ƙaryar maroƙi? Tana zaune gindin turken tana tsince igiyar da ta rage. 

"Na san ƙarya ta," in ji ta. "Tun randa nij ji ta na sani. Amma da ba ka nan, garin ga ba mu da abin ci. In na tahi rijiya, mata na rera ta, in rufe huskata in wuce. Ita nic ci hal ka dawo."

Ban sake kokowa ba, kafaɗar ba ta yarda ba. Inna ta rasu ba ta sake mallakar saniya ba, kuma ba ta bari an cire turken ba. Ni kuwa har yanzu in na shiga kasuwa tsofaffi mai shanu bakwai suke ce mini, wasu da gaske, wasu da tsiya, duk ina amsawa.

Nomau ban sake ganinsa ba sai bayan shekaru, a wani suna a Bazaga. Ya tsufa, haƙora sun zube, amma muryar tana nan. Yana hango ni ya saki wanda yake roƙo ya yo kaina, ya ɗauko waƙar tun daga Gusau, bai bar ko bijimi ɗaya ba. Jama'a suka juyo suna kallona. Ya gama ya miƙo hannu. Wanda aka yi wa kirari a bainar jama'a ba ya hana maroƙi, ko da uwarsa ya kashe. Na laluba aljihu na ba shi dala. Ya ɗaga ta sama ya ce Kututture ya ba shi jika biyar. Ni kuwa sai na waiga, in ga ko akwai mai rubutawa.